Giyar da Ake Kira "Ta Asali", da Gubar da Muke Fesa wa Garakenmu



Wasu samarinmu masu karatu a waje sun aiko da tambaya kan wata giya da ake yayi a Turai, wadda masu ita ke kira "ta asali". Wai ruwan inabi ne tsantsa, ba a zuba masa sinadari ba, gonarsa ma ba ta san feshi ba. Shin hukuncinta ɗaya ne da na sauran giya?

Ɗaya ne. Allah Ya haramta giya a Suratul Ma'ida, aya ta 90, kuma illar haramcin ita ce maye. Giyar da Sahabbai suka tuntsurar a titunan Madina ranar da haramcin ya sauka ta dabino ce, a gida aka jiƙa ta, babu masana'antar da ta taɓa ta. Wannan amsa ta isa ga mai cewa bammi ai ruwan itace ne, ko burkutu ai dawa ce da ruwa. Abin da mai yawansa ke bugarwa, kaɗan ɗinsa ma haramun ne, kamar yadda ya tabbata a hadisi. Malamanmu na Malikiyya sun hana ma sayar da inabi ga wanda ka san matse shi zai yi ya zama giya.

Wannan ya wuce. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne yadda mutanen nan ke noma. Tafiyar ta yi ƙarfi a yankin Bojole na Faransa cikin shekarun 1980, a hannun ƙananan manoma irin su Marcel Lapierre, waɗanda suka ga maganin ciyawa na kashe ƙasar da suka gada. Suka koma ga taki da huɗa, wasu har da doki, suna tsinkar inabi da hannu. A 2020 hukumomin Faransa suka amince da tambari na musamman ga irin wannan giya. Ku duba, jama'a: duk wannan wahala saboda abin da Allah Ya la'anci mai matse shi da mai ɗaukarsa. Mu kuwa da muke noman halal, yaya muke yi da shi?

Allah Ya yi wa Gaya baiwar da yawancin Nijar ba su samu ba. Ga kogi, ga ruwan sama da ya fi na ko'ina a ƙasar nan, ga fadamun Dallol Mauri da giginyunsu, ga shinkafar Tara, ga rake da dankali da albasa. Amma ku shiga garka da hantsi. Za ku tarar da yaro ba takalmi, ba abin rufe hanci, yana fesa maganin da aka saya a bakin kasuwa, an zuba masa a kwalbar da ba ta da rubutu. Ya fesa wa tumatir da kabeji yau, gobe da asuba suna cikin kwando. Alhali kowane maganin kirki yana ɗauke da adadin kwanakin da za a jira kafin a tsinka. Wani ya wanke tankin feshi a bakin kogi, inda mata ke ɗibar ruwa. Wani ya barbaɗa piya-piya cikin buhun wake don kada ya yi ƙwari. Sinadarin da ke cikinsa, dichlorvos, shi ne ya sa Tarayyar Turai ta dakatar da shigar da busasshen waken Nijeriya a 2015. Su suka ƙi shi a bakin iyakarsu, mu muna dafa wa ƴaƴanmu.

A Suratul Baƙara, aya ta 168, Allah Ya haɗa sharuɗɗa biyu ga abin da za mu ci: ya zama halal, ya kuma zama ɗayyib, wato mai tsarki wanda ba ya cutarwa. Mun riƙe na farko da kyau, har mutum zai tambayi wanda ya yanka rago sau uku. Na biyun fa? Imam Muslim ya ruwaito cewa Annabi (SAW) ya cusa hannu cikin tsibin abincin wani mai sayarwa, ya ji jiƙa a ƙasa, ya tsawata masa, ya kuma kore mai algus daga cikinmu. Ruwan sama ne fa kawai aka ɓoye. To ina ga guba, wadda mai saye ba ya gani, ba ya jin warinta? A fahimtata, wanda ya san bai cika kwanakin jira ba, ya kai kasuwa ya yi shiru, ya yi algus, kuɗinsa kuma ba su tsarkaka ba.

Na san abin da manomi zai ce: "Malam, tsutsa ba ta jiran wa'azi, kuma bashi ke kaina." Gaskiya ne, ban kuma ce feshi gaba ɗaya haramun ba ne. Magani ne, yana da ƙa'ida. A nemi wanda kwamitin ƙasashen Sahel mai tantance magungunan ƙwari ya amince da shi, a tambayi malamin gona gwargwado, a cika kwanaki, a daina tura ƙananan yara. Kwalbar da ta ƙare a huda ta, kada ta koma gidan mai ko ruwan sha. Kafin a kai ga feshi ma akwai abin da iyayenmu suka sani: takin dabbobi, toka, jiƙon ƴaƴan dogon yaro, sauya shuka daga shekara zuwa shekara. Wake kuwa, buhun nan mai ciki uku yana kashe ƙwari ta hanyar toshe musu iska, ba tare da ɗigon magani ba, in dai an shanya waken sosai an ɗaure bakin da kyau.

Ku masu sarin kayan garka, da ku mata masu cefane, kuna da haƙƙin tambayar mai kaya yaushe ya yi feshi na ƙarshe. Shi kuma wajibi ne ya faɗi gaskiya, ko da farashi zai sauka.

Wanda ke da tambaya kan zakkar rake da kayan garka ya ajiye ta, za mu ɗauke ta a karatun bayan Magariba, in sha Allahu. Wallahu a'alam.