Wa Ya Ci Amanar Littafi?

Akwai wata magana da ta zama ruwan dare a bakin manazarta adabinmu da ɗalibansu, wai fim ɓata littafi yake yi. Da zarar an ambaci wani ƙagaggen labari da aka mayar da shi fim, kafin mai magana ya rufe baki sai ka ji an ce ai ba su yi shi daidai ba, sun yanke kaza, sun ƙara kaza, tauraron ma bai yi kama da wanda muka sani a littafi ba. Daga nan sai a yanke hukunci cewa gara 'yan fim su sakar wa littattafanmu mara, a bar su a kan kanta su huta. Mu dai ba mu yarda da wannan hukunci ba, kuma muna ganin illarsa ga adabin Hausa ta fi ta duk wani mummunan fim da aka taɓa yi. Ga dalilanmu.

Da farko, masu wannan ra'ayi sun manta da asalin littattafan da suke tinƙaho da su. Alhaji Abubakar Imam, wanda littafinsa Ruwan Bagaja yake cikin waɗanda suka yi nasara a gasar rubutu ta 1933, shi ne sarkin masu juya labarin wasu. Magana Jari Ce, da ya fito kashi uku tsakanin 1937 da 1939, cike yake da labaran da Imam ya ɗebo daga littattafan Larabawa da na Indiya da na Turawa, irin su Dare Dubu da Ɗaya da tatsuniyoyin Jamusawa. Bai bi su kalma da kalma ba. Ya sauya sunaye, ya sauya garuruwa, ya zubar da abin da Bahaushe ba zai gane ba, ya sa wa baƙin labaran riga da rawani har suka zama 'yan gida. Babu wanda ya taɓa cewa Imam ya ci amanar masu labaran. Yabonsa muke yi, muna kiran aikin nasa gwaninta. To, in Imam yana da damar yanka da ɗinki domin ya kai labari daga wani harshe zuwa wani, me zai hana mai fim irin wannan dama, alhali shi daga takarda yake kai labarin zuwa ido?

Ba mu musanta cewa akwai abin da kyamara ba ta iya ɗauka ba. Daɗin Ruwan Bagaja a bakin mai ba da labarin yake. Alhaji Imam na cikin littafin shi ke labarta mana yadda suka yi ta damfarar juna shi da Malam Zurƙe, kuma rabin dariyarmu daga yadda yake wanke kansa da zaƙin baki take fitowa. In aka cire wannan murya aka bar mutum biyu suna bin juna da sanda, an tashi daga adabi an koma wasan yara. Haka kuma Magana Jari Ce, wanda gidan talabijin na NTA Kaduna ya mayar da shi wasa a ƙarshen shekarun 1980. Ginshiƙin littafin shi ne aku da ke tsare ɗan sarki da labari don kada ya fita, wato magana ce ke yin aikin da takobi ya kasa. Duk mai son ɗaukar irin wannan littafi dole ya nemo wata dabara da za ta tsaya a madadin harshen Imam, ko ta bakin 'yan wasa, ko ta yadda ake jera hotuna. Aiki ne mai wuya, amma wuyar aiki ba ta taɓa zama hujjar haramta shi ba.

Mu dubi inda aka yi aikin da natsuwa. Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa ya fito a 1934. Umaru Ladan da Dexter Lyndersay suka fara mayar da shi wasan kwaikwayo, aka buga a 1975, sa'an nan Adamu Halilu ya ɗauke shi a fim a 1976, shi Umaru Ladan ɗin kuma ya fito a ciki. Fim ɗin ya riƙe tsarin littafin, inda almajirai ke tambayar malaminsu asalinsa, shi kuma ya warware musu yadda aka sace shi yana yaro, ya faɗa hannun Balarabe, mahaifiyarsa ta bi sawunsa har ita ma aka bautar da ita. Littafin gajere ne, kuma Ɓalewa mutum ne mai taƙaita magana, don haka abubuwa da yawa a jimla ɗaya ko biyu ya wuce su. Fim ɗin kuwa ya haura sa'a biyu, ya ba ido damar ganin ayari da rairayi da fuskar mutumin da aka mayar da shi haja. A nan gani ya kori ji. Mai karatu ya san cinikin bayi mugun abu ne, mai kallo kuma ya ga muguntar da idonsa.

Amma me ya sami wannan fim? Shekaru masu yawa aka yi ana zaton ya ɓace, sai a 2016 aka gano ainihin faifansa a ma'ajiyar Hukumar Fina-finai ta Nijeriya. Wata cibiya a Jamus mai suna Arsenal ta gyara shi, aka nuna shi a bikin fina-finai na Berlin a 2018. Duk tsawon wannan lokaci ana karanta littafin a makarantu, ana rubuta kundaye a kansa, amma mu masu da'awar kishin littafin ba mu tashi neman fim ɗinsa ba. In ana maganar cin amana, to ga inda ya kamata a fara bincike.

Sa'an nan aka shiga zamanin bidiyo. Bayan ƙungiyar Tumbin Giwa ta Kano ta fitar da Turmin Danya a 1990, marubutan littattafan da wasu ke kira adabin kasuwar Kano suna cikin waɗanda suka fara rungumar sana'ar. Ado Ahmad Gidan Dabino ya wallafa In Da So Da Ƙauna a 1991, aka mayar da shi fim a 1994. Alhaki Kuykuyo Ne na Balaraba Ramat Yakubu, da ya fito a 1990, ya zama fim a 1998. Kayan aikin wancan lokaci ba su taka kara sun karya ba, sauti yakan shaƙe, hoto yakan yi duhu. Duk da haka waɗannan fina-finai suna da ƙashin baya, domin an gina su a kan labarin da marubuci ya zauna ya tsara, masu karatu kuma suka riga suka auna shi. Halin da Rabi ta shiga bayan mijinta ya kore ta da 'ya'yanta saboda amarya, da tirjiyar Sumayya a kan auren da ake son yi mata don dukiya, matsaloli ne da kowace unguwa ta san irinsu.

Daga ƙarshen shekarun 1990 aka fara juya wa littafi baya. Kasuwa ta nuna tana son rawa da waƙa, masu shirya fim da dama kuma suka ga ya fi musu sauƙi su kwafi fim ɗin Indiya da su nemi marubuci su biya shi haƙƙinsa. To, ya kai mai karatu, wanne ya fi cutar da adabinmu: fim ɗin da ya ɗauki littafin Hausa ya yi masa gyaran fuska, ko wanda bai ma san da littafin ba? Waɗanda suka yi ta cewa a bar littafi ya huta sun samu abin da suka roƙa, sai kuma ga su a sahun gaba wajen kukan cewa fim ɗin Hausa ba shi da labari.

Mu da muke zaune a Lafiya wannan magana ta fi shafar mu. Garinmu mahaɗa ce ta Barebari da Eggon da Alago da Gwandara da Migili da Tibi da Fulani da Hausawa, kuma da Hausa ake ciniki a kasuwa, da ita ake gaisawa a tasha. Sai dai jin harshe daban, karanta shi daban. Akwai ɗimbin mutane a nan da Hausa ta zauna a bakinsu daram, amma ba a taɓa koya musu karanta ta a makaranta ba, kuma ba za su taɓa sayen Ganɗoki ko Jiki Magayi ba. Fim kuwa yana shiga gidajensu ta talabijin da wayar hannu ba tare da sallama ba. Irin wannan tunani ne ya sa Usman Sembene na ƙasar Senegal, bayan ya yi suna a rubutu da Faransanci, ya koma ga kyamara, don yawancin mutanen da yake rubutu a kansu ba sa iya karanta shi. Da kansa ya mayar da gajeren littafinsa fim mai suna Mandabi a 1968, cikin harshen Wolof. Duk wanda ya hana littafi shiga fim, ya hana shi isa ga irin waɗannan mutane ke nan. Kada kuma wani ya ce wannan matsalar bakin iyakar ƙasar Hausa ce kawai. Abin da ya ci Doma ba ya barin Awe: yaron Kano da na Katsina ma yau ya fi daɗewa a kan waya da a kan littafi.

Akwai ƙorafi biyu na abokan jayayyarmu da muka karɓa. Na farko, ɗalibin da aka ba shi littafi ya nazarta, ya tafi ya kalli fim ya zo ɗakin jarrabawa da shi, ya cuci kansa. Salo da sarrafa harshe da karin magana a takarda suke, kuma su aka turo shi ya koya. Maganin wannan yana hannun malami, ya riƙa tambayar abin da sai wanda ya karanta zai iya amsawa, ko ma ya ajiye littafin da fim ɗin gefe da gefe ya ce a fito da bambancinsu da dalilinsa. Na biyu, ɗaukar labarin marubuci ba da izninsa ba, ko a biya shi abin da bai kai kuɗin cefane ba, sata ce ko da an ƙawata ta da kiɗa.

Saboda haka ma'aunin da muke kira a yi amfani da shi ba ƙirgen shafi ba ne. A tambayi fim ɗin, shin ya riƙe damuwar da ta sa marubucin ya ɗauki alƙalami? In Shaihu Umar ne, ya sa mun ji zafin bauta da haƙurin mumini? In Alhaki Kuykuyo Ne ne, ya bar Rabi da mutuncinta da ƙoƙarinta, ko ya mayar da ita abin tausayi kawai? In ya riƙe wannan, to ya yanke abin da ya ga dama. In ya sake shi, ko ya haddace kowane layi ya ci amana.

Yanzu ma hanya ta fi buɗewa, tunda fina-finai masu dogon zango da ake nunawa a tashoshi irin su Arewa24 da kuma YouTube sun kawar da uzurin cewa littafi ya fi ƙarfin sa'a biyu. Abin da ya rage shi ne masu iya juya zube ya koma tsarin fim, kuma babu inda ya fi cancanta ya samar da su kamar sassan Hausa na jami'o'inmu. Muna koyar da fassara daga Ingilishi zuwa Hausa. Ya kamata mu koyar da wannan ma a matsayin darasi mai zaman kansa, ɗalibi ya ɗauki babi guda na littafin da yake ƙauna ya tsara shi yadda za a ɗauka, a zauna a yi masa gyara a aji. Wanda ya gwada haka sau ɗaya zai rage saurin zagin 'yan fim, kuma ba makawa sai ya karanta babin nan fiye da sau goma.