Sa hannu daban, shiga aljihu daban

Duk sa'ad da ƙungiyoyin ƙwadago suka zauna da gwamnati kan albashi, hankalinmu kan adadi ɗaya yake tsayawa. A 2024, NLC da TUC sun buɗe baki da naira 615,000 a matsayin mafi ƙarancin albashi, gwamnati ta taya 48,000. Aka yi ta ja-in-ja har ranar 3 ga Yuni ma'aikata suka kashe wutar lantarkin ƙasa, suka rufe filayen jiragen sama. Ƙarshenta aka tsaya a 70,000, Shugaba Tinubu ya sa hannu a ƙarshen Yuli.

Ni abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne abin da ke biyo bayan sa hannun. Mafi ƙarancin albashi na wanda ke matakin farko ne, masinja da mai shara. Akawu da ma'aikaciyar jinya da malamin makaranta suna jiran wani zaman ne daban, na daidaita albashin sauran matakai, wanda ba kasafai jaridu ke bin sa ba. A 2019 Buhari ya sa hannu kan naira 30,000 a watan Afrilu, amma sai a Oktoba aka daidaita: mataki na 7 ya samu ƙarin kashi 23.2 cikin ɗari, matakai na 15 zuwa 17 kashi 14. Wata shida ke nan, a gwamnatin tarayya ma. Daga nan kowace jiha ta kafa nata kwamitin, ma'aikacin ƙaramar hukuma kuwa shi ne na ƙarshen layi. A 2025 malaman firamare na Abuja, a gaban idon gwamnatin da ta yi dokar, sai da suka yi sama da wata uku suna yajin aiki kan albashin naira 70,000 ɗin. Yaran talakawa ne suka zauna a gida.

Malaman jami'a sun daɗe da sanin wannan ciwo. Yarjejeniyarsu ta 2009 tana cikin abin da ya rufe jami'o'i wata takwas a 2022.

Laifin ba na gwamnati kaɗai ba ne. Shugabannin ƙwadago kan fito da takarda mai ɗauke da adadi, ba ranar fara biya a jihohi, ba hukunci mai cizo kan gwamnan da ya ƙi, ba tanadin abin da za a yi in farashin mai da na masara suka sake tashi. Kafin ƙarin ya iso, kasuwa ta riga ta cinye shi.

Dokar 2024 ta rage wa'adin sake duba albashi daga shekara biyar zuwa uku, wato 2027, shekarar zaɓe, lokacin da alkawari ke araha. Ina kira ga NLC da TUC: ku shiga zaman da wakilan malaman firamare da na ƙananan hukumomi, kada kuma ku tashi sai an rubuta jadawalin kowane mataki da ranar biyansa a takarda guda.