Ciyawar teku ko waken gida: me zai kori tamowa a Sarkin Yamma?

A tarukan ƙasa da ƙasa kan abinci, yanzu ciyawar teku ce a bakin kowa. Ba ta buƙatar gona, ba ta buƙatar ruwan daɗi, kuma ƙasashen Asiya irin su Sin da Indunusiya ne ke noman mafi yawanta. To amma Nijar ba ta da teku, shi ya sa manomin Sarkin Yamma zai iya cewa wannan zance bai shafe shi ba.

Akwai dai ƴar uwarta a maƙwabta. A Kanem ta ƙasar Cadi, matan Kanembu sun daɗe suna kwasar wata koriyar gansakuka daga tafkunan kanwa, su shanya ta a rairayi, su sa a miya. Dihe suke ce mata, masana kuma sifirulin. In ta bushe, kusan kashi 60 cikin 100 nata sinadarin gina jiki ne, ya ninka na wake fiye da sau biyu.

Sai dai tafkin Madarunfa ruwan daɗi ne, ba na kanwa ba. Wanda zai noma ta a nan dole ya gina kwarmi, ya sayi kanwa da taki, ya kula da tsabtar ruwa kullum. Kuma da ɗan cokali ake shan ta. Tana iya taimakon yaron da ya rame, amma ba za ta cika tukunyar gida mai mutum goma ba.

A ganina abin da baƙi ke kira abinci mai zagayawa tuni yana gonakinmu: wake na mutane, harawa ta awaki, takinsu ya koma gona, saiwar waken kuma ta ƙara wa ƙasa ƙarfi. Inda zagayen ke tsinkewa shi ne lokacin kaka. Tsoron ƙwari da matsin bashi kan sa manomi ya sayar da wake da araha, motoci su bi hanyar Dan Isa zuwa Najeriya da shi. Damina na tsayawa, rumbu wayam, uwa ta goya yaro zuwa asibitin tamowa, kamar yadda Maradi ta gani a 2005.

Buhun PICS mai ninki uku, wanda masu binciken INRAN a Maradi suka gwada tare da jami'ar Purdue ta Amurka, yana tsare wake watanni ba tare da magani ba. Duk ƙungiyar da ta zo da kuɗin gina kwarmin sifirulin, ya kamata magajin gari ya fara tambayar ta buhu nawa kuɗin zai saya.