Sulɓin Taya da Dokar Tseren Motoci

A filin gishiri na Bonneville da ke jihar Utah ta Amurka, inda ake gwada iyakar gudun mota, santsi ya fi damun direbobi a kan ƙarancin ƙarfin inji. Duk wanda ya taɓa taka totur cikin taɓo da damina a Kado ya san yadda taya kan yi ta juyawa a banza. To, akwai na'urar da kan gane taya ta fara sulɓi, nan take ta rage wa inji wuta. Masu adawa da ita na ganin ta ƙwace wa direba gwanintarsa.

Hana ta kuwa jan aiki ne. Hukumar FIA ta haramta ta a tseren Formula 1 a 1994, amma da yake dabarar tana ɓoye cikin kwamfutar inji, aka kasa tabbatar da masu maguɗi. Tilas aka halatta ta a 2001. Sai a 2008 haramcin ya zauna, bayan an ɗora wa kowace mota kwamfuta iri ɗaya.

A Bonneville, inda kowa ke zuwa da ƙirarsa, wannan magani ba zai ci ba. Ga kuma na'urar da ke ƙayyade ƙarfin inji a kowace giya, wadda aikinta ya yi kusa da na waccan. A wane ɓangaren doka za a sa ta?

Motar Thrust SSC dai, wadda Andy Green ya kai kilomita 1,228 a awa da ita a hamadar Black Rock a 1997, ba ruwanta da gardamar. Injinan jirgin sama ke tura ta, tayoyinta bi kawai suke yi.