Don Me Za a Raba Karatun Na'ura da na Manhajarta?

Akwai wata mas'ala da ta daɗe tana raba kan malaman jami'o'in Turai, wadda a ganina ta cancanci mu ma mu yi bahasi a kanta, watau ko ɗalibin da ya ƙera na'ura, ya rubuta mata manhaja, sannan ya miƙa ta hannun jama'a yana lura da inda suka gane da inda suka ruɗe, ya yi binciken ilimi na haƙiƙa, ko kuwa sana'ar hannu ce kurum wadda ba ta kai a ba shi ijaza a kanta ba. Ni dai ina tare da masu cewa ilimi ne, hujjata ta farko kuwa tana Ivrea, wani ƙaramin gari a arewacin Italiya.

A garin nan, inda kamfanin Olivetti ya shahara da ƙera tafireta, aka buɗe wata makaranta a 2001 ƙarƙashin jagorancin Gillian Crampton Smith, domin nazarin mu'amalar ɗan Adam da na'ura. Galibin ɗalibanta masu zane ne da tsara siffar kaya, ba injiniyoyi ba, ga shi kuma allon lantarkin da suke gwaji da shi, BASIC Stamp, yana cin wajen dala 100, kuɗin da kan sa ɗalibi ya riƙa tsoron ƙona shi, alhali mai tsoron ɓata kayan aiki ba ya kusantar abin da ba a taɓa gwadawa ba. Sai wani ɗalibi ɗan Kolombiya, Hernando Barragán, ya ɗauki wannan matsala ta zama kundin digirinsa na biyu, ya haɗa allo da harshen umarni mai sauƙi ya kira su Wiring, a kan harsashinsa kuma Massimo Banzi da abokan aikinsa suka gina allon Arduino a 2005, suka sauko da farashi zuwa wajen dala 30, suka saki zanen kyauta ga duk mai bukata. Adalci ya wajabta a ambaci Barragán, domin sau tari akan tsallake sunansa a isnadin aikin nan. Makarantar ba ta yi tsawon rai ba, amma allon ya shiga ɗakunan gwaji na duniya, har da namu.

Masu inkari suna cewa kowane fanni ya tsaya a haddinsa, injiniya ya kula da wayoyi, mai manhaja ya kula da umarni, su haɗu a ƙarshe. To, su dubi ƙissar Therac-25, na'urar ƙona cutar daji da haskawa, wadda tsakanin 1985 da 1987 ta zuba wa majinyata shida haske fiye da ƙima a Amurka da Kanada, wasunsu suka rasu. An ƙera ta ba tare da makullan kariya da ke jikin na'urorin da suka gabace ta ba, aka dogara ga manhaja kaɗai. Ɗaya daga cikin aibobin manhajar kuwa ba ya bayyana sai ma'aikaci ya ƙware har yana gyara umarni da sauri, sa'an nan allon ya nuna masa wata lamba da ba ta fayyace komai ba. Illar tana mahaɗar ƙarfe da manhaja da yatsun mutum, wurin da babu sashen da ya ɗauka nasa ne.

A nan gida ma haka rabon yake: Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya tana koyar da injiniyancin lantarki, da kimiyyar kwamfuta, da tsara kayan masana'antu, kowanne a sashensa. Abin da nake roƙo shi ne a halatta wa ɗalibai uku daga sassan nan su yi aikin shekarar ƙarshe guda, a kuma shar'anta musu su kai abin da suka ƙera kasuwa ko asibitin karkara, cikin ƙura da zafi da ɗaukewar wuta, su rubuta abin da ya faru a hannun mai amfani da shi, masu jarrabawa su ba wannan rahoto maki daidai da lissafin da ke cikin kundin.