Katin hoto na "promo": ku daina sayar mana da gajiyayyun kaya



Yau magana ce ta katin hoto na kwamfuta, wanda masu gyara ke ce wa kart grafik. Wani zai ce wannan ai zancen yara ne masu wasan gem. A'a. Tun da aka rufe Cominak a ƙarshen watan Maris na 2021, matasa nawa ne a Akokan suka koma neman na kansu? Wani ya buɗe wurin haɗa bidiyon biki da suna, wani yana zanen alluna da katin gayyata, wani ya jera kwamfutoci yara na biya suna wasa. Duk waɗannan, katin nan shi ne jarinsu. Ranar da ya mutu, a ranar tukunya ba ta hau wuta ba.

To ga abin da ke ba mu haushi. Kullum a WhatsApp da Facebook sai ka ga talla: "Promo! 8 giga, kamar sabo, rabin kuɗi." Mai saye kuma tambayarsa guda ce, giga nawa? Ba wanda ke tambayar inda katin ya kwana kafin ya iso nan.

Bari mu faɗa muku inda da yawansu suka kwana. Shekaru da dama ana amfani da irin waɗannan katuna wajen haƙar kuɗin intanet na Ethereum. A jera su ɗari-ɗari a ɗaki guda, a Sin da sauran ƙasashe, suna aiki dare da rana ba hutu. Ranar 15 ga Satumba 2022 Ethereum ta canza tsari, haƙar da kati ta ƙare, masu su suka zubo su kasuwa. Aka wanke, aka goge, wasu har sabon kwali aka yi musu. Irin su RX 580 da suka cika ko'ina, da yawa daga can suke. Ba mu ce duk wanda ya yi haƙa ya lalace ba. Amma fankarsa ta yi gudun shekaru, man da ke tsakanin ƙwaƙwalwarsa da ƙarfen sanyaya ya bushe ya zama kamar busasshen tuwo. Mai saidawa ya san da haka, ko kuwa ya kamata ya sani. In bai faɗa ba, wannan algus ne, ko da sunan promo ya zo.

Akwai ma wanda ya fi wannan muni. Ana ɗaukar tsohon kati irin GTS 450, a sauya masa suna a ciki, kwamfuta ta riƙa nuna GTX 1050 Ti. Akwai kuma RX 580 mai alamar 2048SP, wanda ƙarfinsa kusan na RX 570 ne. Suna ya yi girma, aiki bai kai ba.

Sai batun zafi, kuma nan ne muke ganin har masu ilimin cikinmu suna yaudarar kansu. Yaro zai kalli bidiyo a YouTube, wani Bature ya gwada kati ya ce yana tsayawa a digiri 70, lafiya lau. Ɗan'uwa, a ina ya gwada? A ɗaki mai sanyi, digiri 22 ko kusa da haka. Fanka ba ta ƙirƙirar sanyi, iskar ɗakin take ja ta hura. In iskar ɗaki ta ƙaru da digiri 20, zafin katin ma kusan haka zai ƙaru. Mu kuwa a watan Mayu da Yuni rana na wuce digiri 40 a garin nan, balle cikin shago mai rufin kwano da ƙarfe biyu na rana. Yi lissafi da kanka. Katunan Nvidia da yawa, da sun kai wajen digiri 83 sai su fara rage gudu don kare kansu. Ke nan ka biya kuɗin doki, da azahar kana bisa jaki.

Ga kuma ƙura. Wanda bai zauna Arlit ba bai san ƙura ba. Wata biyu kacal, ka buɗe kwamfuta ka duba tsakanin haƙoran ƙarfen sanyaya, za ka same su a toshe kamar an yi musu yaɓe. Kati mai fanka guda ƙarama da siririn ƙarfe, irin wanda aka fi karya wa kuɗi, ba zai jure wannan ba.

Mun ga wani ƙanenmu a unguwa, ya karɓi aikin bidiyon aure, ya sayi irin wannan kati don ya yi sauri. Kwana tara ya yi. Ana cikin fitar da bidiyon allo ya cika da ɗige-ɗige kore, daga nan baƙi ƙirin. Ya kira wanda ya saida masa, aka ce da shi "lafiya ka ɗauka". Dangin amarya kuwa ba ruwansu da kart grafik, bidiyonsu suke so. Sai da ya ci bashi ya kai aikin wani wuri.

Masu kawo kaya za su ce mutane ba su da kuɗin sabo, kuma hanya ta yi tsada, ko ta Assamaka kayan suka biyo ko ta Kano. Gaskiya ne, ba mu musa ba. Ba mu ce a daina saida na hannu ba, mu ma shi muke saye. Abin da muka ƙi shi ne a ɓoye. Ka ce na hannu ne, ka ce ya yi haƙa, ka ba da garanti ko na wata guda a rubuce. Wanda ya yarda da kayansa ba ya tsoron wata guda.

Mu masu saye kuma, laifinmu bai fi ƙanƙanta ba. Kar ka ba da ko dala sai an sa katin a kwamfuta a gabanka. A buɗe GPU-Z, kyauta ne, yana nuna ainihin abin da ke ciki, har yana tona na jabu da yawa. A sa masa aiki mai nauyi minti 20 ko 30, da rana tsaka, a shagon da ba klim. Ka kalli digiri, ka kasa kunne ga fanka, in tana ƙara kamar tsohon babur ka ajiye. Ka duba sukurorin baya ko an taɓa kwance su.

Kuma ka tambayi wutar da yake ci. RX 580 yana jan wajen wat 185, GTX 1060 wajen 120, GTX 1650 kuwa 75 kawai. Duk wat ɗin da kati ya ci, zafi yake komawa cikin ɗakinka. Ga wutarmu da ke zuwa tana ɗaukewa, ga akwatin wutar kwamfuta na araha da ba ya ɗaukar nauyi. Ga mai haɗa bidiyon biki a Akokan, ƙaramin kati mai fanka biyu da ke aiki har la'asar ya fi babban da ke suma da azahar. Ragowar kuɗin a sayi regilater, a canza man sanyaya, a ɗaga kwamfutar daga ƙasa a ɗora ta bisa tebur.

Masu shagunan da suka yarda a gwada kati da rana kafin a biya, su rubuto mana a ƙasa, za mu sanar da jama'a ranar Asabar in sha Allahu.