Inuwar Gidan Tarihin Jos amana ce a hannun Abuja

Ma'aikacin da aiki ya kai shi Jos daga Abuja yakan tafi da tsammanin sanyi da natsuwa, kasancewar garin yana bisa tsauni mai tsayin kimanin mita 1,200. Sanyin yana nan, amma natsuwa sai an nema. Daga Terminus zuwa titin Ahmadu Bello, ƙarar Keke Napep da kiran masu talla ba sa yankewa, balle tun da babbar kasuwar garin ta ƙone a 2002, 'yan kasuwa suka bazu a bakin tituna.

Tafiya kaɗan daga wannan cunkoso akwai harabar Gidan Tarihi na Jos, wanda Bernard Fagg ya kafa a 1952, inda aka adana gumakan yumɓu na Nok. Harabar tana da manyan itatuwa da duwatsu, da ƙaramin gidan namun daji a gefe, da wani fili da aka gina kwatankwacin ganuwar Kano da tsohon Masallacin Juma'a na Zariya da jar ƙasa. Mutum na shiga sai hayaniyar gari ta lafa masa.

Jos tana da wuraren shaƙatawa da suka fi wannan girma. Akwai gandun namun daji da aka kafa a 1972 zamanin Gwamna Joseph Gomwalk, akwai kuma tafkin Rayfield da haƙar kuza ta bari. Sai dai zuwa waɗannan yana buƙatar kuɗin mota da ranar hutu. Harabar gidan tarihin kuwa ta ƙaramin ma'aikaci ce mai hutun sa'a guda, da ɗalibi, da uwar da ta fito da 'ya'yanta ranar salla ko Kirsimeti.

Darajar wurin ta wuce inuwa. Rikice-rikicen 2001 da 2008 da 2010 sun raba unguwannin Jos, har aka wayi gari ana cewa nan ta Musulmi ce, can ta Kirista ce. Yaro kan girma bai taɓa wasa da sa'ansa na ɗaya ɓangaren ba. A irin wannan gari, duk filin da ba a jingina shi ga wani addini ko ƙabila ba, babbar dukiya ce. Ana kashe kuɗi wajen tarukan sulhu a otal-otal, alhali zama a inuwa ɗaya yana koyar da sabo, sabo kuma shi ne mafarin yarda.

Abin da ya sa maganar ta shafi Abuja shi ne, gidan tarihin yana ƙarƙashin Hukumar Kula da Gidajen Tarihi ta Ƙasa, wato kadarar gwamnatin tarayya ce. Makomarsa tana kan teburin masu tsara kasafi da mataimakan ministoci da 'yan majalisa, waɗanda da yawansu ba su taɓa taka harabar ba.

Wani zai ce ana fama da tsadar abinci da rashin tsaro, wa ke ta lambu? Ƙorafin yana da tushe, amma abin da wurin yake buƙata bai kai kuɗin kilomita ɗaya na kwalta ba. Ginin ƙasa yana son yaɓe kafin kowace damina, in ba haka ba ruwan Filato ya narkar da shi, kuma har yanzu akwai magina a Kano da Zariya da suka gaji wannan aiki. Sauran su ne bencina, banɗaki mai tsafta, kwandunan shara, abincin dabbobi a kan kari, da kuɗin shiga da talaka zai iya biya.

Akwai kuma abin gudu. Mazauna Abuja sun ga yadda wasu filayen shaƙatawa na birnin suka rikiɗe suka zama mashaya da zaurukan biki da sunan samar da kuɗin shiga. Idan aka yi wa harabar Jos haka, natsuwar da ake zuwa nema ce za ta fara tafiya.

Ya kamata duk jami'in da taro ya kai shi Jos ya ware rabin sa'a ya zauna a harabar, ya dubi katangun da kansa, kafin takardar kasafin hukumar ta iso gabansa.